Daga Abuja Zuwa Dala ta Maiduguri: A Wane Gari Matafiyi Zai Yada Zango?

Katin gayyatar bai bar wurin shakka ba: ɗaurin aure ranar Asabar, ƙarfe goma na safe, a unguwar Dala da ke Maiduguri. Mu huɗu muka ɗaura niyyar zuwa daga Abuja. Biyu ma'aikata ne a wata ma'aikatar tarayya, ɗaya hadimin wani ɗan majalisa, sai ni. Da muka duba kuɗin tikitin jirgin sama na zuwa da dawowa, kowa ya yi shiru, aka koma maganar mota. Mota ta samu, direba ya samu, kuɗin mai ma an yi karo-karo. Abin da ya gagara shi ne a ina za a kwana.

Ɗaya daga cikin ma'aikatan ya ce Jos, saboda sanyinta, da kuma burin da ya daɗe da shi na ganin ramukan kuza da mahaifinsa ya yi aiki a cikinsu yana saurayi. Ɗayan ya ce Kano, domin a can gwaggonsa take, kwana da tuwo duk kyauta. Shi kuwa hadimin, wanda ya saba da tafiyar ayarin motoci mai jiniya, cewa ya yi kwanan ma ɓata lokaci ne: a tashi ranar Juma'a da asuba, a yi sallar isha'i a Maiduguri. Direban, dattijo ne da ya tsufa a kan wannan hanya, ya bari sai da kowa ya gama, sannan ya ce: "Ranku ya daɗe, ku fara gaya mini ƙarfe nawa kuke so mu wuce Damaturu. In kun faɗa mini wannan, ni zan faɗa muku inda za mu kwana."

Fataken da ma haka suke lissafi. Madugu yakan duba ruwa da kiwon jakuna da amincin gari kafin ya ce a sauke kaya, amma gaba da duk waɗannan yakan duba dajin gobe: a ina rana za ta faɗi wa ayari? Ma'aikacin tarayya da aka tura aiki Borno, ko aka yi masa canjin wurin aiki, ko kuwa zumunci ya kira shi, yana da hanyoyi biyu daga Abuja, kuma kowace tana ratsa garuruwan da tarihin masana'antun Arewa ke kwance a cikinsu: Kaduna da Zariya da Kano ta wannan hannu, Jos da Bauchi ta wancan. Dukansu sun cancanci a tsaya a gani. Ba dukansu ne suka cancanci a kwana a cikinsu a hanyar zuwa ba.

Kilomita 130 da ke yanke hukunci

Duk hanyar da mutum ya bi, a Potiskum za su haɗu. Daga nan Damaturu kimanin kilomita ɗari ne, daga Damaturu zuwa Maiduguri kuma kimanin 130. Wannan yanki na ƙarshe, wanda ya ratsa Kukareta da Ngamdu da Benisheikh da Mainok da Jakana da Auno kafin ya kai ƙofar Njimtilo, shi ne ke mulkin tafiyar baki ɗaya. Shekara da shekaru ke nan jami'an tsaro na rufe shi da yamma su buɗe da safe, kuma lokacin rufewar yana sauyawa gwargwadon yanayin tsaro. Direbobin tasha sun fi kowa sanin lokacin da ake aiki da shi a wannan mako, don haka su ake tambaya, ranar tafiya, ba wanda ya bi hanyar bara ba.

Dalilin wannan taka-tsantsan a rubuce yake da jini. A watan Satumbar 2013 'yan Boko Haram sun tare hanya a Benisheikh suka kashe matafiya sama da 140. A daren 9 ga Fabrairun 2020 kuma, motocin da suka iso bayan an rufe ƙofar shiga Maiduguri suka tsaya a Auno, kimanin kilomita 25 kacal daga birnin, fasinjoji suka kwanta cikin motocinsu suna jiran gari ya waye. Cikin dare maharan suka afka musu, suka kashe aƙalla mutum 30, suka ƙone motoci, suka tafi da mata da yara. Waɗannan bayin Allah ba su zaɓi Auno a matsayin zango ba. Agogo ne ya zaɓa musu. Al'amura sun yi sauƙi ƙwarai idan aka kwatanta da waccan shekara, motoci na kai da kawowa kowace rana, amma darasin bai tsufa ba.

Akwai wani ɗan abu da mazauna Abuja kan manta. Maiduguri tana can gabas sosai, rana takan riga faɗuwa a can da fiye da minti ashirin. A watannin Nuwamba da Disamba, wajen shida saura kwata ake kiran magariba, ga hazon hunturu ya rage gani tun kafin nan. Wanda ya saba barin ofis a Sakatariyar Tarayya da sauran haske, ya kuma ɗauka haka abin yake ko'ina, zai yi kuskuren rabin sa'a a daidai wurin da rabin sa'a ke da tsada.

Saboda haka lissafin daga baya ake faro shi. Idan ana so a bar Damaturu kafin azahar, a bar wa faci da shingayen bincike da ɓacin mota sa'o'i biyu ko uku na rara, to garin da za a kwana bai kamata ya wuce tafiyar sa'a biyar ko shida daga Damaturu ba. Da wannan ma'auni shawarar hadimin ta faɗi tun ba a je ko'ina ba. Tafiyar ta haura kilomita 850 ta gajeriyar hanya. Ayarin mai gidansa yana wuce shinge ba a tsayar da shi, mu kuwa kowane shinge sai an sauke gilashi an gaisa.

Hanyar masaƙu da dalar gyaɗa

Ta Kaduna da Kano tafiyar ta fi tsawo da sama da kilomita ɗari, amma ta fi yawan tagwayen tituna. Aikin sake gina hanyar Abuja zuwa Kano ya faro tun 2018, kuma ɓangaren Abuja zuwa Kaduna ne ya fi jan ƙafa, shi ne kuma ya yi ƙaurin suna wajen garkuwa da mutane a shekarun baya. Shi ma ba a bin sa da dare.

Mai shigowa Kaduna daga kudu, idan ya ƙi bin hanyar bayan gari ya ratsa ta Kakuri, zai ga abin da ya rage na babbar cibiyar saƙa ta ƙasar nan. A 1957 aka buɗe masaƙar KTL, haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa da kamfanin David Whitehead na Ingila, don a riƙa saƙa audugar Arewa a Arewa maimakon a loda ta a jirgin ƙasa zuwa teku. Nortex ta biyo baya, sai UNTL da Arewa Textiles a tsakiyar shekarun 1960. Dubban iyalai daga kowane lungu na Najeriya suka tare a Kakuri da Makera da Nasarawa saboda jiniyar canjin aiki. KTL ta rufe a 2002, ma'aikatanta suka shafe shekaru suna bin haƙƙoƙinsu, da yawa har suka koma ga Allah ba su karɓa ba. UNTL ta dakatar da aiki a 2007. Tsadar wuta da baƙin mai, da tsufan injina, da atamfar fasa-ƙwauri da ta cika kasuwa, su suka haɗu suka kai su ƙasa. A nan Kakuri ne kuma kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a 1975, kuma duk ma'aikacin da ya kama aiki kafin ƙarshen ƙarnin da ya wuce ya san zamanin da Fijo 504 ita ce motar ofis, daga ta darakta har ta gwamna.

Duk da haka Kaduna ba wurin kwana ba ce ga mai zuwa Borno. Ba a ci ko kashi ɗaya cikin huɗu na tafiyar ba. Zariya ma haka, duk da cewa tana da abin nunawa: ita ce mahaɗar layin dogo da cibiyar gurzar auduga tun farkon zamanin Turawa, daga nan ne kuma siririn layin dogon da ake kira Bauchi Light Railway ya tashi ya hau tsaunukan Jos a 1914 don kwaso kuza, har zuwa 1957 da aka daina amfani da shi. A ci abinci a Zariya, a yi salla, a wuce.

Kano ce ke da hujja mai ƙarfi. A gindin Dutsen Dala masu binciken kayan tarihi suka tono shaidar narkar da tama da ta kai ƙarni na bakwai, wato sana'ar ƙarfe ta riga ganuwa da sarauta zama a wurin. Marinar Ƙofar Mata, wadda masu ita ke lissafa farkonta daga 1498, har gobe ana tsoma zane a babanta. Layin dogo ya iso a 1911, aka buɗe shi ga kaya a shekarar da ta biyo, manoma kuma suka ba Turawa mamaki: an so su noma auduga, suka zaɓi gyaɗa don ta fi kawo kuɗi kuma ana iya ci in kasuwa ta faɗi. Daga nan aka sami dalar gyaɗa, buhuna jere kan buhuna suna jiran taragu, da attajirai irin su Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955. Bompai da Sharaɗa da Challawa suka zo daga baya da majemu da masaƙu da matatun man gyaɗa da kamfanonin robobi da alewa. Wasu na aiki har yau, wasu sun koma ɗakunan ajiyar kayan da aka shigo da su daga Sin, abin da ya fi rufewar ma ciwo. Wani abokin tafiyarmu ya yi raha cewa daga Dala zuwa dala zuwa Dala za mu yi, dutse da gyaɗa da unguwa. Suna ne dai ya zo ɗaya.

Ga masauki kuwa, babu garin da ya kai Kano a duk hanyar: na mai kuɗi da na mai ƙaramin ƙarfi, ga bakanike, ga kayan gyara kowane iri. Matsalarta nisa. Daga Kano zuwa Maiduguri ya kusa kilomita 600, ta Wudil da Shuwarin da Azare, tafiyar sa'a takwas ko tara ga motar gida mai tsayawa a shinge. An ba da kwangilar mayar da hanyar tagwaye tun 2006, kashi biyar, kuma inda aka gama tafiya tana daɗi. Wanda ya bar Kano ƙarfe shida zai iya wuce Damaturu wajen ƙarfe ɗaya. Yana yiwuwa, amma rarar kaɗan ce, kuma tashin ƙarfe shida daga gidan dangi labari ne. Gwaggo ba za ta bari a fita ba a karya ba, sai an jira ƙosai, sai an gaida maƙwabta, sai an ɗauki saƙo. Wanda ya zaɓi Kano, ya sauka ta gabashin gari, wajen Hotoro ko bakin titin Maiduguri, yadda da safe ba zai ratsa cunkoson cikin birni ba. In kuma ya iso Kano da sauran rana, gara ya ƙara gaba zuwa Azare, ya rage wa gobe kusan sa'a uku.

Hanyar kuza

Mu ta Jos muka bi, ranar Alhamis. Keffi, Akwanga, sannan hanya ta tsuke ta fara hawa. A Hawan Kibo direban ya kashe rediyo ya kama sitiyari da hannu biyu. Manyan motocin da birki ya ƙwace musu a wannan gangara ba su ƙirguwa. Da aka hau tudu kuwa sai iska ta canja, ƙasa ta buɗe, ga duwatsun Riyom a jingine da juna kamar an ɗora su da hannu.

Daga nan har Bukuru abin da ido zai fi gani shi ne tuddan jar ƙasa da tafkuna masu ruwa shuɗi ko kore, a wuraren da Allah bai halicci tafki ba. Ramukan kuza ne da ruwa ya cike. Tun kafin zuwan Bature maƙeran Liruwe ke narka kuza su fitar da dalma sirara kamar tsinke, fatake na kai ta kasuwanni. Wannan dalmar ce ta ja hankalin kamfanin Neja har ya aiko masu bincike a farkon shekarun 1900, garin Jos kuma ya tsiro a matsayin sansanin ma'adinai. Leburori suka kwararo daga Kano da Zazzau da Bauchi da Borno, suna ɗaukar ƙasa a kwano a ka. Da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyar samun dalmarta ana tsakiyar yaƙi, sai gwamnatin mulkin mallaka ta shiga kwaso mutane da ƙarfi daga lardunan Arewa zuwa ramuka. Talakawa suka sa wa abin suna ɗiban gwamna. Sanyi da yunwa da cuta sun kashe da yawa daga cikinsu, haƙar kuma ta kai ƙololuwarta a 1943.

Kuza ce ta kawo wa Filato wutar lantarki daga ruwan Kurra, ta hannun kamfanin NESCO, tun wajen 1930, lokacin da galibin biranen ƙasar nan ke kwana da fitilar ƙwai. Ita ce kuma ta tono mutum-mutumin Nok, domin a ramukan haƙa aka fara cin karo da su, abin da ya kai Bernard Fagg ga kafa gidan tarihin Jos a 1952. A harabar gidan tarihin akwai tsofaffin kawunan jirgin ƙasa da taragu, ciki har da na siririn layin nan da ya taso daga Zariya. An gina masana'antar narka kuza ta Makeri a farkon shekarun 1960, NASCO ta fara da saƙa buhuna a 1963 kafin ta koma biskit da sabulu, sannan gwamnatin tarayya ta kafa ma'aikatar mulmula ƙarafa a farkon shekarun 1980, ɗaya daga cikin uku da aka yi tare da ta Katsina da ta Osogbo. Faɗuwar farashin dalma a kasuwar duniya a 1985 ta ƙarasa abin da ƙarewar kuzar sama-sama ta fara. Manyan kamfanoni suka watse, suka bar ramuka, yau matasa ne ke shiga da diga da igiya, ramin kuma yakan rufta da su.

A ganina babu garin da ya fi Jos cancantar yini guda cur a duk wannan tafiya, kuma daidai wannan ne ya sa take da haɗari ga jadawalin matafiyi. Mun iso da azahar. Abokinmu ya so a kama ɗaki, a huta, a zaga Rayfield da yamma. Amma daga Jos zuwa Maiduguri kusan daidai yake da daga Kano, kilomita 600 ba kaɗan, kuma babu tagwayen titi a mafi yawansa. Ga wani abu da ba a son faɗa amma dole a faɗa: Jos gari ne da rikici kan tashi ba sallama, a sa dokar hana fita, kamar yadda aka yi a watan Agustan 2021. Baƙon da doka ta rutsa da shi a otal ya rasa safiyar da duk lissafinsa ya dogara a kanta. Muka ba gidan tarihi sa'a ɗaya, muka ci abinci, muka gangara.

Bauchi, da abin da alawus zai iya saya

Tsakanin Jos da Bauchi kimanin kilomita 130 ne, gangara ta Toro da Nabardo, mun shiga gari ana kiran la'asar. Bauchi ba ta da hayaniyar Kano, ba ta da sanyin Jos, kuma tarihin masana'antunta gajere ne. Akwai kamfanin nama da aka kafa a shekarun 1960 don sarrafa shanun yankin. Akwai Steyr, haɗin gwiwa da kamfanin ƙasar Ostiriya, da ya fara harhaɗa taraktoci da manyan motoci a ƙarshen shekarun 1970, zamanin da gwamnatin tarayya ta rarraba irin waɗannan kamfanoni a Kaduna da Kano da Bauchi da Legas da Ibadan da Inugu. Tsofaffin manoma har yanzu suna tuna jar taraktarsa. Akwai kuma tashar jirgin ƙasa, wadda ke da alaƙa kai tsaye da inda muka dosa: a 1958 Najeriya ta karɓi bashinta na farko daga Bankin Duniya, dala miliyan 28, don aikin layin dogo, aka ja layi daga Kuru kusa da Jos, ya iso Bauchi a 1961, Gombe a 1963, Maiduguri a 1964. Firayim Ministan da aka yi aikin a zamaninsa, Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya taɓa riƙe ma'aikatar sufuri, yana kwance a cikin garin, kabarinsa a buɗe yake ga masu ziyara, kuma rabin sa'a ta isa.

Abin da Bauchi ta fi sauran da shi shi ne wurin da take. An ci kusan rabin tafiya, saura kimanin kilomita 460, kuma daga nan Damaturu tafiyar sa'a biyar ce ko ƙasa da haka ta Darazo da Kari da Potiskum. Babban birnin jiha ne, saboda haka akwai masaukai masu daraja daban-daban, akwai asibitin koyarwa, akwai ofisoshin tarayya da mutum zai iya neman abokin aiki in wata matsala ta taso. Da direban ya ce nan za mu kwana, babu wanda ya yi musu, har da mai gwaggo a Kano.

Sai maganar kuɗi. Jadawalin alawus ɗin kwana, wanda ma'aikata ke kira DTA, da ya fara aiki a Satumbar 2022 ya ba mai matakin albashi na 7 zuwa na 10 naira 17,500 a kowane dare, na 14 da 15 naira 25,000, na 16 da 17 kuma 37,500. Bayan watanni tara aka cire tallafin mai, farashin komai ya tashi, har da na ɗakin otal, wanda rabin kuɗinsa na dizal ne. Wannan ya sa ƙananan ma'aikata da yawa ke ƙoƙarin haɗiye kwanan hanya, su yi tafiyar yini biyu a yini ɗaya don alawus ɗin ya yi saura. Kowa ya san ana yi, kuma ba rowa ba ce, albashi ne bai kai wata. Amma shugaban sashen da ke sa hannu a takardar tafiya zuwa Maiduguri ta mota, ya kuma rubuta kwana ɗaya tak na hanya ko ya hana gaba ɗaya, ya san cewa shi ne ya tura yaronsa tsere da rana a tsakanin Benisheikh da Auno. Direbobin gwamnati, waɗanda ke can ƙasan jadawalin, su suka fi shan wannan. Sau da yawa a cikin mota suke kwana a harabar otal ɗin da mai gida ke barci, gobe kuma a ce su tuƙa sa'a bakwai.

Wurin zaɓen masaukin kansa, na koyi duba abubuwan da ba sa fitowa a hoton intanet. Mota za ta kwana a cikin katanga ko a bakin titi? Ƙarfe nawa ake kashe janareta, ko akwai sola? Mai gadi zai buɗe ƙofa da asuba, ko sai an tashi manaja? A wata tafiya can baya na taɓa rasa minti arba'in a wani masauki saboda wanda ke riƙe da makullin ƙofa ya tafi gida da shi. A biya kuɗi tun da dare, a karɓi rasit mai hatimi saboda masu binciken kuɗi na ofis, a cika tanki kafin a kwanta, a duba safaya. Ɗakin da ke kusa da hanyar fita gari ya fi ɗakin alfarma da ke tsakiyarsa.

Potiskum, in rana ta yi gardama

Mun bar Bauchi ƙarfe shida da 'yan mintuna ranar Juma'a, muka shiga Potiskum wajen tara da rabi. Garin ba shi da dogayen bututun hayaƙi, amma yana da kasuwar shanu da ake lissafawa cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma, kuma gari ne na masu tirela da direbobinsu da makanikansu. Duk abin da ya lalace a mota, a nan ne wuri na ƙarshe da za a gyara shi cikin kwanciyar hankali. Nan ne kuma wurin yanke shawara ta gaskiya. Wanda ya tsinci kansa a Potiskum bayan la'asar, ya sauke kaya. Wanda ya iso Damaturu rana ta karkata, ya nemi ɗaki a nan, ko da ɗaurin auren da sassafe ne, ko da mai gida na ta bugo waya. Ranar Juma'a kuma a tuna cewa sahun masallaci kan rufe babban titi a garuruwan kan hanya.

Daga Damaturu hira ta ragu a motar. Gefen titi an sassare daji, ga ramukan tsaro, ga sojoji a bayan buhunan yashi, ga sababbin gidajen da aka gina wa waɗanda suka dawo garuruwansu. Daga nesa turakun babban layin wuta na tafiya tare da mu. Su ne aka tayar wa bam a watan Janairun 2021, Maiduguri ta shiga duhu na tsawon watanni, har ta kai ga gina tashar wuta mai aiki da iskar gas, mai megawat 50, da aka ƙaddamar a cikin birnin a watan Maris na 2023. A Auno direban ya rage gudu, ya yi addu'a ƙasa-ƙasa, muka ce amin. Ƙarfe ɗaya da 'yan mintuna muka wuce Njimtilo.

Maiduguri ita ma tana da nata kason na wannan tarihi. Jirgin da ya iso a 1964 ya riƙa kwasar gyaɗa da fatu da shanu zuwa kudu, aka kafa kamfanin fulawa da majema da kamfanin takalma na Neital. Jirgin ya daina zuwa tun da rikici ya yi tsanani, layin ya zama hanyar masu ƙafa da awaki. Dala kuwa, maƙwabciyar Bulunkutu da Gomari, wadda ɓangarenta na Dala Lawanti mazaɓa ce a ƙaramar hukumar Jere, unguwa ce da ta kumbura da mutanen da suka baro ƙauyukansu, kowane gida da baƙin da suka zama 'yan gida. Kawun ango da ya tarbe mu bai tambayi lafiyar hanya ba sai da ya fara tambayar inda muka kwana. Da muka ce Bauchi, ya gyaɗa kai, ya ce a kawo mana ruwa.

A dawowa lissafin juyewa yake. Yankin da ake tsoro shi ne na farko, ana bin sa da hantsi da zarar an buɗe hanya, daga Potiskum kuma mutum yana da 'yancin zaɓen zangonsa: Kano ga mai son marina da Dutsen Dala, Jos ga mai son kuza, muddin dai za a shiga Abuja da rana washegari. Mun bar Maiduguri ranar Lahadi, muka kwana Jos. Da safiyar Litinin, kafin mu kama hanyar Akwanga, direban ya kai mu bakin wani tafki a Rayfield. Abokinmu ya sauka ya tsaya a kan tudun jar ƙasa, ya kira mahaifinsa a waya yana kwatanta masa wurin. Tsohon ya ce a zamaninsu babu ruwa a nan, rami ne mai hawa bakwai, kuma ya tambaya ko itacen da suke cin abinci a ƙarƙashinsa yana nan.